Albasar Aro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai baƙin Abuja rudun albasar surukina ba.

Lokacin ina koyarwa a Maiyama. Wani ɗan Jega da ya daɗe a Legas, wanda kowa ke kira Manaja, ya dawo da labarin kamfanin sarrafa albasa zuwa gari. Ya ce za a shigar da shi kasuwar hannun jari, duk wanda ya saya yanzu zai ga ninki. Ni ya naɗa darakta (abin da ya gani a jikina bai wuce Turanci da kwat ɗaya ba). Na shiga gari ina talla kamar gadon ubana. Har surukina, Alhaji na Aliero, mutumin da bai taɓa amincewa da banki ba, ya sayar da san nomansa ya sayi hannun jari saboda ni na ce.

Wata Laraba Manaja ya bugo waya: manyan baƙi na tafe daga Abuja, suna son ganin kayan kamfani, shi kuma uzuri ya riƙe shi. Kamfanin nan kuwa in ka cire allo da hatimi, ba shi da ko albasa ɗaya.

Ban damu ba. A wurinmu in baƙo zai zo, darduma ake arowa, da kujeru, har da kwanukan tangaran, kuma ba wanda ya taɓa kiran haka ƙarya. Na tura matata ta roƙi mahaifinta aron rudunsa, wato rumbun da ya jibge albasar shekara tana jiran tsada. Ya amince. Na kafa allon kamfani a gaba.

Baƙin su uku ne, da wata Hajiya mai tabarau a gabansu. Sun faɗi daga inda suke, Hajiya har da nuna kati, amma kunnena kalmar "hannun jari" kawai ya kama, na ɗauka masu zuba kuɗi ne. Na zagaya da su ina zuba bayani. Hajiya ta ce, "Malam, duk wannan na kamfani ne?"

Da na ce e na yi shiru, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma ina so su ga mun iya tattali. Na rage murya, har da ɗan murmushi, na ce, "Hajiya, tsakaninmu, aro muka yi. Na surukina ne. Mako mai zuwa ma Jega za mu kai allon, akwai wani rudun."

Ta ce in maimaita a hankali. Na maimaita (har da gyara murya).

Sai a nan ta sake nuna mini katinta, na karanta da idon basira: hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Kamfanin ba shi da rajistar sayar wa jama'a komai. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Wayar Manaja kuwa tun daga ranar take kashe.

Ni dai bayanina ya cece ni, don sun gamsu cewa ɗan damfara ba zai yi wauta irin tawa ba. Rudun ne aka rufe a matsayin shaida, tunda allon kamfani na gabansa. Kafin a buɗe, zafi ya gama da rabin albasar. Sa ya tafi, albasa ta bi shi.

Bara da aka yi mana haihuwa, na tura ƙanwar matata aron babbar dardumar Alhaji don suna. Ta dawo da ita, da saƙo: "Ki ce mishi ya ɗauka. Amma in baƙin Abuja za su zamna bisa, a maido min ita in hwara sallama da ita."

Tun daga nan, in aka ce baƙi na tafe, sai na ji daga ofishin da suka fito kafin in shimfiɗa musu abin wani.