An Sare Mangwaron Malam Awaisu Don a Dasa Bishiya

Jiya da hantsi na hau babur zuwa Maska in sayo mangwaro a garkar Malam Awaisu, sai na tarar da kututture a inda na saba shan inuwa.

Shi Malam Awaisu dattijo ne da ya gaji garkar daga mahaifinsa, mangwaro ɗan aure da gwaiba, ga yazawa a bakin rafi. Da ita yake ciyar da gida. Makon jiya wasu masu manyan riguna suka kawo masa albishir: Mai Girma Garkuwan Itatuwa zai ƙaddamar da shirin dashe, kuma garkarsa aka zaɓa don ta fi kyau a hoto. Har rijiyar burtsatse aka ce za a haƙa masa. Malam ya yi ta godiya, ya sa matarsa Uwa ta dama musu fura.

Ana gobe taro, yana kasuwar Funtua, sai ga masu injin yankan itace. Wai babu wurin kafa rumfa, kuma Mai Girma bai saba taka ƙasa da nisa ba. Suka kwantar da mangwarorin bakin hanya, 'ya'ya jingim, saura ƙiris su nuna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ranar taro aka zo da jiniya. Mai Girma, Allah ya ƙara masa lafiyar baya, ya duƙa da kansa ya dasa wani ɗan tsiro kamar tsinken sakace. Yana ɗagowa ya hangi kututturan, ya sa aka kira mai garka.

"Baba, ka ji tsoron Allah," in ji shi a lasifika. "Irinku ne ke jawo mana hamada."

Aka yi tafi. Malam ya ce mini ya buɗe baki zai yi bayani, wani mai babbar riga ya taka masa ƙafa, sai ya ji bakinsa ya ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe."

Da aka watse, mutanen Mai Girma suka tuge tsiron suka mayar mota, wai ana jiran sa a wani taron dashen a Malumfashi bayan azahar.

Ni dai gwaiba ɗaya gare ni a tsakar gida. Na gargaɗi iyali, duk babban mutumin da ya yabe ta, a rantse masa tsutsa gare ta.