A Taimaka A Kore Ni Daga Aiki

Jama'a, yau ma na fita neman a kore ni daga aiki, na dawo hannu rabbana.

Ga yadda aka yi. Da rani Ranka-ya-daɗe Mai Share Hawayen Talakawa ya turo wa ƙauyenmu shirin samar da aikin yi. Aka ba ni lauje da riga mai ƙyalli, aka ce in riƙa yankan ciyawa a bakin titi. Ciyawa da rani! Awaki sun riga mu gama aikin. Albashi kuwa an ce yana hanya, da alama a ƙafa yake tahowa.

Ban damu ba, sai ranar da maiɗakina ta je rumbun tallafi karɓo hatsi da garin yara, wanda shi ya fara maido wa autarmu kumatu. Mai rabo ya ce tallafi na gidajen marasa aiki ne, ita kuwa matar ma'aikaci ce, har ya taya ta murna. Ta dawo da buhu naɗe a hammata. Wallahi raina ya ɓaci, don autar tamu ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba.

Na daina zuwa aiki, ba wanda ya lura. Na koma na shimfiɗa tabarma a gindin bishiya ina minshari, shugaban aikin ya ce in matsa masa. Yau na tare shi na gaya masa maganganun da jarida ba za ta buga ba. Murmushi kawai ya yi.

"Baba, ko marina ka yi ba zan iya korarka ba. Mai Girma ya riga ya faɗa a rediyo cewa ya ba ka aiki. So kake ya zama maƙaryaci?"

Ya ƙara da cewa mai baki irin nawa da shugabanci ya dace, zai kai sunana sama.

Maiɗakina ta fi ni dabara. Ta kwashi yara ta koma gidan yayanta, mutumin da bai taɓa ɗaga tsinke ba tun da aka haife shi, hukuma kuma ta shaida. Can tukunya ba ta hutawa. Nakan leƙa in gaishe su, kuma ƙafata ba ta kai ni sai ana zuba abinci. Ɗazu yayan nata ya miƙo mini kwano, ya dube ni da tausayi.

"Allah ya yaye maka wannan aiki," in ji shi. "Mu ma da haƙuri muka kai inda muke."