Yadda Za Ki Gano Maiƙo a Cibiyar Ƙwayar Halitta Kafin Farfesa Ya Yi Ritaya

Ke ɗalibar da ta daɗe a ɗakin gwaje-gwaje har masu shara sun fara gaishe ki da "ran malama ya daɗe", share hawayenki. Duk wadda ta bi matakan nan za ta samu sakamako, ta kare kundinta, ta saka hular kammalawa. Ban taɓa ganin wadda ta bi su ta ji kunya da wuri ba.

Mataki na 1: Zaɓi malamin da ya riga ya san amsa

Kowa ya yarda bangon ƙwayar halitta da maiƙo aka gina shi. Rigimar tana can ciki, a cibiya, inda ƙwayoyin gado suke naɗe. Nemi farfesan da tun yana da baƙin gashi yake rantsuwa cewa akwai wani irin maiƙo a wurin da ke buɗe ƙwayoyin gado yana rufe su, abokan aikinsa kuma suna duba agogo in ya fara. Yanzu ritaya ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ke kina buƙatar sa hannunsa, shi yana buƙatar a ce ya yi gaskiya ko sau ɗaya ne. Mai nema yana tare da samu, balle masu nema biyu.

Mataki na 2: Wanke, amma da tausayi

Kafin ki ce maiƙon na ciki ne, dole ki wanke cibiyoyin da sabulun gwaji don na waje ya fita. In kika cika wanki, komai zai bi ruwa har da digirinki. Ki yi musu irin wankin da yaro ke wa kwano idan ana kiransa wasa.

Mataki na 3: Kula da fatarki

Ɗakin sanyi yana busar da hannu, kuma ilimi bai ce mace ta yi kaushi ba. Ki shafa mai sosai, mai kauri, irin wanda yayarki ta ce yana maganin faso. Safar hannu ta ƙare a kwali, an ce za a kawo. Kada ki jira. Ɗauki kwalaben da cibiyoyin suke ciki da yatsunki, ki buɗe murafen, ki riƙe bakin kowace da kyau kada ta faɗi.

Sai ki kai wa na'urar da ke auna maiƙo. Za ki ga layin sakamako ya miƙe sama a allo, tsayin da Farfesa bai taɓa gani ba ko a mafarki.

Mataki na 4: Guji kwalbar da babu komai

Akwai wata al'ada ta masu tonon silili: a saka wa na'ura kwalbar da ba a zuba mata cibiya ko ɗaya ba, wai don a ga ko ita ma za ta nuna maiƙo. Abokin karatunki da kuke ce wa Anya, saboda da kalmar yake fara kowace magana, zai leƙo ta kafaɗarki.

"Anya kin gwada ta wofin kuwa?"

Ki ce masa, "Kai dai ka ji da ɓerayen gwajinka."

In kuma shaiɗan ya zuga ki kika gwada bayan ya fita cin abinci, kika ga kwalbar wofi ta ba da layi mai tsayi ɗaya da na sauran, ki kalli hannuwanki masu sheƙi, ki kashe allon. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa rubuta kundi ba.

Mataki na 5: Je ki gaya wa Farfesa gaskiya, ki makara

Wannan matakin don lamirinki ne. Ki hau bene da niyya mai kyau. Za ki tarar da shi tsaye a tsakanin kwalayen da ya fara tattara littattafansa, takardar sakamakonki a hannu, tabarau a goshi, yana waya da matarsa. Zai ajiye wayar ya goge ido da bayan hannu.

"'Yata, zauna. Kin san shekara nawa ana yi mini dariya a ginin nan? Yau kin wanke ni."

Ki buɗe baki. Zai riga ki.

"Na sa wasu sun gwada kafin ke, ba su samu komai ba. Ke hannunki yana da albarka."

Ki ce, "Na gode, Baba." Tausayinsa zai kama ki, kuma tausayi uzuri ne mai kyau, ya fi tsoro daɗin faɗa.

Mataki na 6: Yi tafi tare da kowa

Ranar laccar bankwana za a haska layin nan naki a bango. Tsohon abokin hamayyarsa zai taso da sanda ya miƙa masa hannu. Ki tafa, ki yi murmushi a hoto, ki karɓi takardarki.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da alhakin abin da zai biyo baya idan masu bincike a wasu wurare suka maimaita gwajin da safar hannu, ba su ga maiƙon ba. Ba ruwansa da cewa sunan Farfesa za a riƙa kira, alhali yana gida yana ba shukoki ruwa, ba shi da na'urar da zai kare kansa. Ba ruwansa da cewa mai yiwuwa tsohon yana da gaskiya tun farko, amma yanzu babu mai sake saurarensa.

Haka kuma ba shi da hannu a ranar da wayarki za ta yi ƙara, ki ɗauka, ki ji muryar Farfesa ta ƙara tsufa yana cewa, "'Yata, kada maganar mutanen nan ta dame ki. Ni na san aikinki."

Amsar da za ki ba shi ba ta cikin matakan nan.