Kyaftin Ya Cire Takalmi

Ko tsufa ya sa na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na fara zuwa gaida iyayen Rifkatu a Kafanchan ba. Shekara biyu ina nemanta, kuma ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa in babanta bai yarda da ni ba, zance ya ƙare. Baban nan tsohon hedimasta ne, dattijon coci, wanda ko gaisuwa ka yi sai ya gyara maka.

Da farko komai ya tafi daidai. Na durƙusa na yi gaisuwa, na sha gwate kwano biyu don Mama ta ji daɗi. Sai Baba ya ce, "Ticha, zauna ka kalli fim da ni." Wani tsohon fim ne na 'yan sama jannati. Rifkatu ta yi mini ido don in nutsu, ni kuwa na ɗauka soyayya ce.

(Bari in tona wa kaina asiri. Ni malamin lissafi ne, amma katun ne abincina. Akwai wani na barkwanci da ba ya wuce ni, na wani magidanci mai tumbi da iyalinsa.)

Can wajen ƙarshen fim, jirgin ya yi nauyi, dole mutum ɗaya ya zauna a wata duniyar da babu kowa don sauran su koma gida. Kyaftin ya cire takalmansa, ya jera su a bakin ƙofa, ya roƙi mutanensa su riƙa ba shukarsa ruwa.

Nan take na gane wurin. Haka mai tumbin nan ya yi a katun: ya cika ciki da wake, ya jera silifas a ƙofar bayi, ya bar wa matarsa wasiyyar shuka, ya shige. Na danne, na ciji leɓe, amma dariya ta ƙwace mini, irin mai fitowa ta hanci. Har da bugun cinya.

Ina ɗagowa na ga Baba ya cire tabarau yana share hawaye. Mai hankali shiru zai yi. Ni sai na shiga bayani.

"Baba, ai sata suka yi. A katun suka kwashe wannan, wurin da mutumin zai shiga bayi."

Baba ya tsayar da fim. "Wannan fim," in ji shi, "ni da Maman Rifkatu mun kalle shi kafin mu yi aure. Ranan ne na fara ganin ta yi kuka. Ba a haife ka ba tukuna. Katun naka ne yana kwaikwayon shi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Rifkatu ta tashi ta shige kicin, na ce a raina shi ke nan, na rasa ta saboda silifas.

Mama ce ta cece ni. "Bar shi, Baba. Wanda bai iya ɓoye dariya ba, ba zai iya ɓoye wata mata a unguwar Sabon Tasha ba."

Baba bai ko murmusa ba. Ya mayar da fim ɗin farko ya ce, "Za mu sake. Yanzu ka kalla da kyau."

Awa biyu na zauna a miƙe kamar ɗalibin da aka ba horo. Da aka zo wurin takalmin, hawaye na gaske suka zubo mini, ko da yake rabinsu na tsoro ne. Baba ya dube ni sosai, sannan ya ce, "Ka turo manyanka."

Abin da na koya ke nan: a gidan surukai, kafin ka buɗe haƙora, fara duba fuskar mai gida.