Keken Yaya Mai Digiri Hamsin da Biyu

"Duk masu ƙera keken hawan dutse a duniyar nan matsorata ne," in ji Yayana, yana buga teburin cin abinci da cokali. "Ni zan nuna musu yadda ake firam."

Bari in gabatar miki da shi, 'yar'uwa, ko in ce maka, ɗan'uwa. Yayana ma'ajin takardu ne a wani ofis. Shekara ashirin yana jera fayil, bai taɓa ɗaura ko ƙusa a bango ta zauna ba. Amma tun da ya shiga ƙungiyar masu hawan keke a daji ranar Asabar, ya raɗa wa kansa suna Injiniya, kuma in ba ki kira shi da shi ba, ba ya jin ki.

Irin keken da yake ƙauna shi ne mai sifirin a gaba kawai, baya kuwa ƙarfe ne zalla. Ya ce mai sifirin biyu na ragwaye ne, namiji da ƙugunsa yake shanye gargada. Ya kalli bidiyo uku da rabi, ya fahimci cewa in aka ɗan kwantar da fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, aka kuma ɗan tsawaita firam, wato gangar jikin keken, keke ya fi natsuwa a gangara. Kalmar "ɗan" ce kawai ba ta shiga kunnensa ba.

Don wannan aiki ya ƙwace ɗakin ɗinkin matarsa, wadda muke kira Anti. Ya tura kayanta baranda, ya cika ɗakin da bututun ƙarfe. Anti ba ta yi faɗa ba. Ta rataya tef ɗin awonta a wuya ta ce, "Injiniya, mu yi magana a gaban ƙanwarka. In ka sauko daga tudun Asabar a kan keken da ka ƙera, daga sama har ƙasa, ɗaki ya zama naka har abada. In ba haka ba, ka kwashe tarkacenka."

"Shaida, Malama," ya ce da ni. "Ki rubuta. Ki fara yi mata ta'aziyyar ɗaki."

Ni malamar lissafi ce, don haka ya kawo mini zanensa, ba don in gyara ba, don in yaba. Na sa ma'aunin kusurwa a kai, na cire tabarau na goge, na sake aunawa.

"Yaya, kamfanoni suna tsayawa wajen digiri sittin da biyar. Naka hamsin da biyu ne."

"Ai shi ne na ce miki matsorata ne."

"Kuma tsakanin taya da taya ka ƙara kusan rabin mita."

"Natsuwa kenan."

"Ta ina zai yi kwana?"

Ya dube ni da tausayi. "Malama, ke allo kika sani. In na zauna, sifirin zai nutse, kusurwa ta miƙe kaɗan. Na riga na lissafa. Ki tsaya kan yaranki."

Ya ɗauko mai walda na bakin titinmu, mutum mai haƙuri wanda aikinsa ƙofofi da tagogi. Kwana huɗu suna ɗakin, tartsatsi na tashi, Yaya na tsaye da hannu a ƙugu yana ba da umarni.

"Oga," in ji mai walda a rana ta uku, "wannan keke ne ko gadon asibiti?"

"Liƙa kawai. Tarihi kake liƙawa."

Da aka gama, aka shafa masa jan fenti, muka shiga kallo. Tayar gaba ta yi can gaba kamar ta yi fushi da sauran keken. Feda kuwa saura yatsa uku ta taɓa ƙasa, wai don nauyi ya sauka. Anti ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce, "Ma sha Allah, ya yi tsawon labule."

Ranar Asabar da safe aka zo fitar da shi. Ƙofar ɗakin tana buɗewa ne cikin wani siririn lungu da ke karyawa dama zuwa falo. Tayar gaba ta fita, ta daki bango, ta baya tana cikin ɗaki tana jiran labari. Aka ja baya, aka karkata, aka ɗaga shi tsaye, ya fasa ƙwan fitila. Na ce a cire taya, Yaya ya ce ya sa an liƙe ƙusoshin da walda don kada su kwance a daji.

Haka aka sake kiran mai walda ya yanke ƙarafunan taga, aka zura keken waje kamar ana fitar da katako. Anti na baranda tana kallo, sai na ga ta zo ta auna faɗin lungun da tef, ta yi murmushi, ta shiga kicin.

"Daji ba shi da lungu," in ji Yaya, yana karkaɗe riga.

Na bi Yaya da ƙungiyarsa a mota a matsayin shaida, na hau tudun da ƙafa. 'Yan ƙungiya su tara ne ban da Yaya, shugabansu wani likitan haƙori mai furfura. Ya dubi keken ya daɗe, sannan ya ce, "Injiniya, mu nawa za mu hau?"

A hawa, tayar gaba ta riƙa yawo hagu da dama kamar akuyar da ta tsinke. Feda ta daki dutse, ta daki saiwa, ta daki wani dutsen. Yaya ya sauka ya tura, gumi har cikin takalmi. Ni da nake tafiya a ƙasa da jakata na wuce shi.

"Ba don hawa aka yi shi ba," ya ce yana haki. "Ki jira gangara."

Likita ya ja shi gefe a saman tudu. "Ka tuna kwanar tsakiya, wadda ke tsakanin itace da dutse. Sai an karya kai sosai. Ka bari mu wuce gaba."

"Ku wuce gaba ku tare mini hanya? Likita, ka bi ni a baya ka koyi abu."

Na sauka ta gajeriyar hanya na tsaya kusa da kwanar, don shaida ba ta yiwuwa daga nesa. Kuma gaskiya ɗaya zan faɗa, don ni ba na zalunci: a miƙaƙƙiyar gangara keken nan ya yi abin mamaki. Ya taho kamar jirgin ƙasa, ko girgiza babu. Yaya ya bar su likita can baya, bakinsa har kunne, yana ihu, "Malama, rubuta!"

Sai ga kwana.

Ya karya kan keke. Keken ya yi shawara da kansa ya ga bai san wannan magana ba. Tayar gaba ta cusa cikin gindin dutse, ta baya ta zamo ta maƙale jikin itace, firam ya tsaya a gicciye, cif, kamar an auna wurin dominsa. Keke ya tsaya. Yaya bai tsaya ba. Ya wuce ta saman hannun keken, ya yi kwanar shi kaɗai a iska, ya sauka zaune cikin taɓo.

Na leƙa na ga yana motsi. "Yaya, lafiya?"

"Ƙasar wurin nan ce ba daidai ba," ya ce, yana tofar da ciyawa.

Mutum tara suka iso ɗaya bayan ɗaya, suka ja birki suka yi layi. Dama dutse, hagu itace a bakin rami, tsakiya tarihi. Suka ja keken, ya ƙi. Suka tura, ya ƙi. Likita ya kama shi da hannu biyu ya jijjiga, ya ce, "Shekara talatin ina cire abin da ya kafe, ban taɓa ganin saiwa irin wannan ba."

Ƙarshenta sai waya aka yi wa mai walda. Ya hau tudun da zarto a kafaɗa, ya dubi keken, ya dubi Yaya da ke zaune taɓo na bushewa a wandonsa, ya ce, "Oga, in yanka tarihin gida biyu ko uku?"

Da la'asar muka dawo gida, Yaya na tafiya ƙafa a buɗe, don ƙugun da ke shanye gargada ya sha ta ya ƙoshi. Tun daga ƙofa muka ji ƙarar keken ɗinki. An share ɗakin tas, yadudduka sun koma mazauninsu, bututunsa na ɗaure a baranda.

"Wa ya ba ki labari?" in ji Yaya. "Ai shaida ba ta yi magana ba tukuna."

"Tun ƙarfe tara na kwaso kayana," in ji Anti, ba ta ko ɗago ba. "Na tambayi matar likita faɗin kwanar nan, na auna lungunmu. Lungunmu ya fi ta da taƙi ɗaya."

Yaya ya gyara tsayuwa, ya ce gobe zai mayar da firam ɗin a liƙe, kuskuren digiri biyu ne kacal.

"A'a, firam yana da aiki," in ji Anti. Ta juya wajen mai walda da ke tsaye da guntayen jan ƙarfe a hannu, ta nuna masa tagar da aka yanke da safe. "Malam, liƙa mini su nan, a gicciye."

"Hajiya, zai hana ɓarawo kuwa?"

"An gwada shi," ta ce, tana zura zare a allura. "Yau ya tare mutum tara a daji, har da likita. Wanda ya ƙera shi kaɗai ya bari ya wuce."