Zayyanu da Keken Intabiyu

Duk wanda ya zauna a Funtuwa ko na wata guda ne ya san Zayyanu, in bai ga fuskarsa ba ya ji bakinsa. Mutum ne da in ka ce ka taɓa ganin zaki, shi zai ce ya taɓa jan wutsiyarsa. Ba aikin fari bare na baƙi, amma kullum da jaka a hammata, wai yana shirin jarrabawar Turancin baka, irin wadda masu son fita waje ke yi.

Ajin yamma suke zuwa wurin Malam Ila, su goma sha biyu a wani shago. Rannan aka zo darasin keke a littafinsu, ga irin tambayoyin da ke ciki. Ka hau keke kana yaro? Mutanen garinku suna yawan hawa? Malam Ila ya ce, "Ku saurara da kyau. A wannan jarrabawa ba ruwan mai tambaya da gaskiya, harshenka yake aunawa. In ba ka da labari ka ƙirƙiro, kai dai kada ka yi shiru."

Ai kuwa an sosa wa Zayyanu inda ke masa ƙaiƙayi. Abin da yake yi kyauta tun yana yaro, yau ga malami ya ce har maki ake bayarwa a kai. Ya zauna ya tsara amsa shafi guda cur, ya haddace ta tsaf. Wai yana ɗan shekara bakwai yake zuwa Bakori a keke ya dawo kafin a sauke tuwo. Wai sakin hannu yake yi yana shan rake. Wai ya taɓa goya kakarsa a kan buhun masara biyu.

Alhali sau ɗaya tak ya taɓa zama a sirdin keke. Yana shekara tara ya afka cikin tiren wata mai tumatir, tun daga ranar ko ƙararrawa ya ji a bayansa sai gabansa ya faɗi.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Tasi'u, abokin zamansa a aji, wanda Turancinsa ke tafiya da ɗingishi. Shi kam a kan keke ya tashi, da shi yake kai kayan miya kasuwa. Amma da an tambaye shi sai ya ce, "Eh, na hau." Shi ke nan.

"Mutumina, wannan amsa ce ko atishawa?" in ji Zayyanu. "Ka riƙa matsowa kusa da ni, ko ka tsinci abin da ya faɗo."

Ana nan sai wata ƙungiya mai taimakon manoma ta ce tana neman ma'aikaci. Gurbi ɗaya, masu nema sun fi arba'in. Zayyanu kuwa ya matsu da aikin nan, don yayansa da ke ciyar da shi ya gaji, ya ce daga ƙarshen wata ya nemi inda zai ci tuwo. Ya aro kwat, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido, suka bi layi a tsakar gidan ƙungiyar shi da Tasi'u.

Da aka kira shi, shugabar wurin, Hajiya Rumana, ta dube shi ta saman tabarau, ta jefo tambaya da Turanci: ya taɓa hawan keke yana yaro?

Zayyanu ya ji kamar an yi masa bushara. Tambayar littafi ce sak. Ya gyara murya ya fara zubowa, ratata, ratata. Bakori ta fito, rake ya fito, kaka ta fito a kan buhunan masara. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa kekuna sun ragu a gari ne saboda ragwancin samarin yanzu da suka koma babur.

"Madalla," in ji Hajiya, ta juya Hausa. "Irinka muke nema. Manoman da za ka riƙa zagayawa suna can cikin fadama, mota ba ta shiga, keke muke bayarwa. Taso ka gwada naka."



"Yanzu, ranki ya daɗe?"

"Yanzu. Ka zagaya mangwaron can ka dawo."

Aka turo keke sabo fil. Masu layi duk suka juyo.

"Kamar sirdin ya yi tsawo," in ji Zayyanu. Aka sauke sirdi.

"Iskar tayar fa?" Aka matsa, tam take.

"Ni na fi sabawa da irin na da, mai ƙarfe a tsakiya."

Hajiya ta ce, "Akwai shi a sito, a ɗauko maka?"

"A'a, bar shi, wannan ma ya yi."

Ya saci kallon ƙofa, ya tuna maganar yayansa. Ya ce a ransa, abin da yara ƙanana ke yi, wace wahala ce? Ya hau ya danna feda. Keke ya yi dama, Zayyanu ya yi hagu. Ya lalubi birki, yatsa ya faɗa kan ƙararrawa, ƙirrin, ƙirrin. Layi ya watse, kowa ya yi ta kansa. Mangwaron da aka ce ya zagaya shi ya nufa kai tsaye, kamar suna da tsohuwar gaba. Gwaram! Kwat ta yage daga hammata har ƙugu, takalmi ɗaya ya tashi sama.

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Tasi'u ne ya zo ya ɗaga keken daga kansa, ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya daidaita kan da ya karkace, ya hau ya mayar da shi gaban Hajiya salun alun. Ta tambayi sunansa, ta rubuta.

Sannan ta ƙarasa inda Zayyanu ke yashe, ta sunkuya, ta tambaye shi da Turanci, a hankali, ina ne ke masa ciwo.

  Zayyanu ya lalube kansa kaf, bai samo ko kalma ɗaya ta Turanci ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Malam bai kai mu wannan shafin ba tukuna."