Baffa Injiniya da Motar da Ke Cin Fiyus

Duk gidan da Allah ya so da rahama yakan ba shi masani guda. Mu namu shi ne Baffa Injiniya, yayan mahaifinmu, wanda ya yi shekara talatin cur a kamfanin wutar lantarki. 'Yan baƙin ciki suna cewa mita kawai yake karantawa gida-gida, ya rubuta lamba a littafi ya ƙara gaba. Baffa ya daɗe da ba su amsa: "Wanda ya ƙura wa mita ido shekara talatin, wuta ba ta da sauran sirrin da za ta ɓoye masa."

Allah ya hore masa jiki, ya hore masa murya. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai testa, 'yar sukudireban nan da ke kawo jan haske idan ta taɓa wuta. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa duba mara lafiya. Yaran gida sun sa masa Baba Testa, amma sai ya ba da baya suke faɗa.

Kakanmu ya rasu ya bar wata tsohuwar mota shuɗiya da yake kira Haƙuri. Har yau tasbaharsa tana rataye a madubinta. A cikinta yayana yake kai kakarmu, wadda muke kira Inna, asibitin ido duk ranar Laraba. Baffa bai taɓa riƙe sitiyari ba, don a cewarsa injiniya ba ya tuƙi, sa ido yake yi. Idan zai bi su, kusurwar baya ta dama ce wurinsa, inda manya suke zama. Saboda karamci irin nasa, a farkon zafin bana ya yi wa motar kyautar 'yar fanka, ya ɗaura ta da hannunsa daidai saitin fuskarsa, ya ja mata waya ta ƙarƙashin kujera. Ranar sai da ya tara mu ya yi jawabi.

Ba a yi wata ɗaya ba Haƙuri ta fara cin fiyus. Fiyus dai ɗan ƙaramin abu ne mai siririyar waya a ciki. Idan wuta ta bi inda bai kamata ba, shi yake ƙonewa don kada motar ta ƙone. Ana cikin tafiya sai ta yi tsit a tsakiyar titi. A sa sabo, ta ɗan taɓa, ta sake. Sau biyu Inna tana rasa ganin likita. 'Ya'yanta suka zauna suka yanke magana: idan wata ya ƙare motar ba ta daina ba, a sayar da ita. Inna ta tashi. Ta fita tsakar gida ta goge madubin motar da gefen mayafinta, ta gyara tasbahar, ta koma ɗaki.

Nan Baffa ya miƙe.

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Ina raye za a kai motar mahaifina wurin 'yan gareji, masu gyara da ka? Ni wutar gari guda na riƙe. Wutar mota ai jikarta ce."

Ya buɗe gaban motar, ya zaro testa, ya dangwala nan, ya dangwala can. Ba ta kawo haske ba ko sau ɗaya. Daga baya muka ji cewa irin wannan testar ta wutar gida ce, ba ta jin ta mota ko kusa. Amma Baffa ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ga abin da yake zargi. "Kun gani? Wutar guduwa take yi."

Wanda aka fara kamawa da laifi shi ne fiyus ɗin kansa: na zamani ne, ba shi da juriya, kamar yaran yanzu. Aka cire mai lamba goma aka sa sha biyar. Ya ƙone. Aka sa ashirin. Ya ƙone. Sai laifi ya koma kan rediyo, aka ciro ta aka ajiye a kan kabad. Sai hon, aka yanke masa waya, yayana ya koma leƙo kai ta taga yana ba masu keke haƙuri da baki. Sai fitilar rufi. Cikin mako biyu Haƙuri ta zama kurma, bebiya, ga duhu. Fanka kaɗai ba a taɓa ba. Yayana ya yi ƙarfin hali ya nuna ta da baki.

"Kai, ɗan nan, wannan aikin hannuna ne. Ka nemi laifi inda laifi yake."

Abin mamaki kuma, gyaran Baffa yana ci. Duk ranar da ya gyara ya tsaya a gida yana hutawa, mota ta je asibiti ta dawo lafiya lau. Sai ya ji daɗi, washegari ya sa babbar riga ya shiga kusurwarsa don ya ga nasara da idonsa. Kafin a kai mahaɗar titi ta biyu, tsit. Baffa ya yi nazari mai zurfi a kan wannan, ya gano cewa yayana rawar hannu yake yi idan ya ga babba a mota.

Ƙonannun fiyus ɗin ina tara su a gwangwanin maɓallan Inna. Ranar da suka kai goma sha bakwai, saura kwana uku wata ya ƙare, Baffa ya zo da sabuwar hikima. Ya murɗa wayar jan ƙarfe mai kauri, ya ce ita zai cusa a madadin fiyus.

"Wannan ba ta ƙonewa har abada. In motar ta isa, ta cinye ta mu gani."

Inna tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ba ta san wuta ba, amma ta san ɗanta.

"In ita ba ta ƙone ba, me zai ƙone?"

Inna ta sa mayafi ta ce wa yayana ya tayar da mota, a je gareji. Baffa ya ƙi shiga, ya biyo su a ƙafa yana gunaguni.

Mai gyaran wutar mota wani siririn dattijo ne, gilashinsa ɗaure da zare, ba ya son yawan magana. Baffa ya tsaya a kansa yana ba shi tarihin lantarki tun daga tushe, shi kuwa yana cewa "To, yallaɓai" yana aikinsa. Bai sa sabon fiyus ba. Ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu ya soka a gurbin fiyus ɗin, ya murɗa makulli. Ƙwan ya kawo ɗan haske ja-ja, kamar garwashi.

"Hajiya, kin ga wannan? In waya ta taɓa ƙarfe a wani wuri, zai haska sosai. Shi zai nuna mana ɓarawon."

Ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya yana girgizawa. Gaban mota, ƙarƙashin sitiyari, cikin but. Ƙwai bai canza ba. Ya shiga gaba ya zauna, ya shiga baya ya zauna. Shiru.

"Da ma na faɗa," in ji Baffa. "Abin da ya gagari injiniya, ƙwan fitila ne zai gano shi?"

Rana ta yi zafi, jawabi ya yi tsawo, ƙafa ta gaji. Baffa ya tattara riga, ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya saki jiki a kusurwarsa.

Ƙwan ya haska fal, har sai da Inna mai ciwon ido ta kare fuska.

Mai gyara ya dubi ƙwan, ya dubi Baffa ta saman gilashi.

"Yallaɓai, ɗan tashi."

Baffa ya tashi. Haske ya koma garwashi.

"Ɗan zauna."

Fal.

"Ɗan ƙara tashi, ranka ya daɗe."

Sau huɗu aka yi haka, don mai gyara mutum ne mai son tabbatarwa. Masu faci da masu fenti suka bar aikinsu suka zo kallo. Da aka ɗaga kujerar, ga wayar fanka nan kwance tsakanin ƙarfe da ƙarfe, robarta ta goge, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli. An jawo ta kai tsaye daga wayar da ke ba injin wuta. Inna ta zauna a kai, wayar ba ta jin komai. Mai gyara ya zauna, ko a jikinta. Nauyi guda ne a duk zuriyarmu yake iya danne ta ta taɓa ƙarfe.

Minti goma aka yi ana gyara. Aka sa wa wayar sabuwar riga, aka bi da ita ta gefe, aka mayar da fiyus mai lamba goma irin na asali. Hon ya dawo da muryarsa. Maganar sayar da Haƙuri ta mutu a nan garejin.

A hanyar gida tasbahar kakanmu tana ta kaɗawa a madubi. Fanka tana hura wa Baffa iska. Can ya gyara zama, a hankali ƙwarai, ya yi gyaran murya.

"Ku dai lura da abu guda. Mutumin nan ya yi awa yana lalube bai ga komai ba. Da ban zauna ba, wa zai gano matsalar?"

Inna ta juyo daga kujerar gaba, ta dube shi da idon nan nata mai sauran gani, cikin tausayi irin na uwa.

"Gaskiyarka, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka. Shekara talatin kana aikin wuta muna zaune a duhu, yau dai na ga ka kawo ta da idona."